Bizar 'Yar Fari

Jihar Jigawa tana sabuwa fil yayana da ke aikin likita a wata ƙasar Turai ya aiko min da wasiƙar gayyata. Ya ce in kawo iyalina mu yi dogon hutu a wurinsa, shi zai ɗauki nauyin jirgi da masauki. Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu. Ni na taɓa zuwa wurinsa sau ɗaya, bizata ba ta ƙare ba. Abin da ya rage shi ne in nema wa matata da 'ya'yanmu uku tasu ta yawon buɗe ido. Na ɗauka aikin mako biyu ne. Wata huɗu na yi ina abu ɗaya.

Ƙananan biyu, maza, a asibiti aka haife su, takardunsu lafiya lau. Babbar ce matsalar. Ita ce 'yar farinmu, shekararta goma sha ɗaya. A Maruta aka haife ta, can ƙasar Gwaram, a ɗakin kakarta, don matata gida ta koma haihuwar fari kamar yadda aka saba. Da aka yaye ta kakar ta riƙe ta, can take zaune, can take makaranta. Ba ta da takardar haihuwa ko ta rantsuwa. Tun da ta ji labarin tafiyar kuwa ta daina zama wuri ɗaya, duk 'yan ajinsu sun san za ta hau jirgi. Na yi mata alkawari da bakina cewa ba za a bar ta ba.

Na je sakatariyar Gwaram neman takardar haihuwarta aka ce mai sa hannu ya tafi Dutse. Na bi shi Dutse aka ce fayil-fayil ɗin irin wannan aiki ba su iso daga Kano ba tukuna. Na je Kano, wani ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, ai kun samu jiharku, me kuma kuke nema a nan?” Babur ɗina ya san hanyar Gwaram har ya gaji da ita, sau biyu yana mace min a kusa da Kwandiko ina tura shi cikin rana. Daga ƙarshe na yi rantsuwa a kotu, aka buga hatimi, aka yi mata fasfo. Aka sa mana ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasar a Legas.

Ni malami ne, don haka na buɗe aji a tsakar gida. Kullum bayan la'asar sai in zaunar da matata in yi ta jefa mata tambayoyi. Wa ya gayyace ku? Kwana nawa za ku yi? Me zai dawo da ke gida? Tana tankaɗe tana amsawa, wani lokaci ta ce, “Malam, wai Turai za mu ko hisabi?” Na sa ta haddace komai, har sunan titin gidan yayana. Abu ɗaya ne ban tambaye ta ba, don ni kaina ban taɓa ganin sa a matsayin tambaya ba.

Matata ba ta faɗin sunan yarinyar nan. Ba ta taɓa faɗa ba. Kunyar 'yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, abin ya zama biyu. In za ta yi maganarta sai ta ce “waccan” ko “ta Maruta”. Yarinyar ma Yaya take ce mata, kakarta ce Inna. Haka muka tashi muka ga ana yi, ba wanda ya taɓa cewa ƙiyayya ce.

Kwana biyu muka yi a hanya. Muka isa Legas ƙafafu a kumbure, ƙaramin ya yi amai har ya gaji. Ranar ganawa muka shiga layi tun da hantsi, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Wata Baturiya ce a bayan gilashi, da tafinta a gefenta, wani saurayi mai Hausar 'yan kasuwa. Ta ce in koma baya in zauna, da matata za ta yi magana.

Tambayoyin farko matata ta amsa su tsaf, har na fara jin daɗin aikina. Sai Baturiyar ta ɗauki fasfon babbar, ta juya takardar kotu, ta ce me ya sa wannan ke makaranta a wani gari daban. Matata ta ce a wurin kakarta take. Baturiyar ta rufe fasfon da tafin hannunta ta ce, “To, mene ne sunanta?”

Tafinta ya maimaita. Matata ta sunkuyar da kai ta yi murmushi. Ya sake maimaitawa da ƙarfi, ta ja mayafi ta rufe baki. Na miƙe na fara bayani da Turanci, Baturiyar ta ɗaga min hannu ba tare da ta kalle ni ba. Na ce da Hausa, “Ki faɗa mana, don girman Allah!” Na ga leɓenta ya motsa, wallahi ta yi ƙoƙari, amma ba abin da ya fito. Yarinyar tana tsaye a gefenta tana kallon fuskarta.

Aka ba matata da yaran biyu biza. Aka turo fasfon babbar da wata 'yar takarda: ba su gamsu cewa 'yarta ce ba. Tafintan, ba wanda ya sa shi, ya fassara wannan ma a gaban yarinyar.

Ba zan ɓoye ba, na yi faɗa. Tun daga bakin ƙofar ofishin na fara, ban sauke ba sai da muka wuce Ilorin. Na lissafa mata Dutse da Kano da turin babur, na ce kalma ɗaya ta gagare ta. Daga baya na daina, don gajiya ta fi ƙarfin fushin, kuma na san da a gida ne ta faɗi sunan nan a gaban mutane, ni ne zan fara jin nauyi.

Bayan mun huta kwana biyu a Birnin Kudu muka shiga motar Gwaram don mayar da yarinyar wurin kakarta. Mu uku a kujerar baya, ita a tsakiya. Tun Legas ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi zancen jirgi ba. Muna cikin tafiya ta taɓa hannun rigata.

“Baba, da gaske Yaya ce ta haife ni?”

Na ce, “Ita ce mana. Wace irin magana ce wannan?”

“To me ya sa ba ta gaya wa matar ba?”

Matata tana kallon gonakin dawa ta taga. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, “Malam, ka gaya mata ba inda za ni in ba da ita ba. Ku je kai da yaran.”

Kafaɗarsu na gogar juna, ko raɗa ta yi yarinyar za ta ji. Amma ni aka aika. Na juya na gaya mata.