Buhu Goma Zuwa Azagor

Katkat ɗina ta girmi babbar 'yata, ita kuwa 'yar tawa yau har da goyonta. Tsohuwar mota ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, da ita nake shiga ƙauyuka da rugagen arewacin Dakoro, inda hanya ba ta wuce sawun wanda ya riga ka wucewa ba. Da ita nake ci da gidana. Noma ban iya ba, ciniki kuma in na sa hannu sai an cuce ni. Abin da Allah ya hore mini shi ne in kasa kunne in ji inji, in san abin da ke damunsa.

Wata bazara, shekaru kaɗan da suka wuce, injin ya fara shan baƙin mai yana tofar da hayaƙi shuɗi. Na yi ta lallaɓa shi har ya kai ga in na tayar da shi da safe maƙwabta na rufe tagoginsu. Sai na kai shi wurin bakanikena, wani gajeren dattijo mai saurin fushi da ke da gareji a bayan tasha. Ya sauke injin, ya aika da gangar jikinsa Maraɗi aka ƙwaƙule ramukan, ya sa sabbin fistan da zobbansu, ya ɗaure. Ranar da ya tayar da shi, na ji sautin da na manta motata tana da shi. Ina murna, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, “Saurara da kyau. Ramukan ga an ci su har iyaka, babu sauran ƙarhen da za a ƙara ci. In ka ƙone shi kar ka kawo mini, kai ma masu sayen ƙarhe da kilo.”

Daga nan ya kafa mini dokar rodaji. Rodaji shi ne lokacin da ake bi da sabon gyara a hankali har ƙarfe ya saba da ƙarfe. Da yake abin ƙirga tafiyar motata ya mutu tun da daɗewa, sai ya auna mini da kasuwa. Kasuwar Dakoro huɗu za ta ci, wato mako huɗu, ban da gudu, ban da sa injin ya yi kuka, kaya kada su wuce buhu goma, allurar zafi kuma kada ta gota tsakiya. Bayan nan in zo a zubar da man a zuba sabo. Na ce na ji. Ya ce ya san direbobi, duk haka suke cewa.

Maganar nan ta ci mini rai, kuma ina jin ita ce ta riƙe ni. Kasuwa biyu na yi ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. A tasha abokan sana'a suka sa mini suna mijin mai jego. In na shigo sai wani ya ɗaga murya, “Yaya mai jegon? Ta sha kunun kanwa?” Wata rana a hanyar Birnin Lalle mai amalanken shanu ya jera da ni a cikin rairayi, har ya tambaye ni ko lafiya. Ni mutum ne mai zuciya, duk wanda ya san ni ya san haka, amma na haɗiye. Na san in injin nan ya tafi, ba ni da abin sayen wani, kuma mai furfura irina ba ya komawa yaron mota.

A mako na uku surukina ya zo. Mahaifin matata makiyayi ne, yana zaune da iyalinsa da shanunsa a wajen Azagor. Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ta ƙare ƙarƙaf, shanu sun fara kwanciya ba su iya tashi. Ya sayar da raguna ya sayi dusa buhu talatin a kasuwa, ya bar ta a shagon mai ita, ya iso gidana da la'asar. Na cire takalma tun daga nesa, na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce, “Gobe da sahe ka kai mini dusa gida. Buhu talatin ne.”

Na ce, “To, Baba.”

Bakina ne ya faɗa, ban ma shawarce shi ba. A wurinmu mutum ba ya ce wa surukinsa a'a, ko da wasa. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, bai taɓa roƙona ko ɗaukar akuya ba, in ya zo kasuwa kan raƙuminsa yake zuwa ya koma. Ya kuma sha ganina da buhu talatin a bayan motar nan, da mutane zaune a kan buhunan, da awaki ɗaure a gefe. Babu abin da ya nema wanda ya fi ƙarfin abin da idonsa ya saba gani.

Da ya tafi masaukinsa na sami matata tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce ta je ta yi masa bayani, ita 'yarsa ce. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Ni? Wa ya ce to?”

Na ce ni ne.

“To kai za ka warware. Kuma ka sani saniyata na cikin waɗanda sunka kwanta.”

Na koma wurin bakanike ko zai sassauta mini, ko buhu ashirin ne. Yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na zayyana masa komai. Daga can ƙasa ya ce, “Surukinka ne, ba surukin injin ba. Goma na ce.” Da ina da abin jifa a hannu da na jefi ƙafafun nan. Na yi tunanin in ɗauko wata motar haya in biya, amma wannan ya fi muni, don gari zai ɗauka cewa tsoho ya nemi mijin 'yarsa sau ɗaya tak, shi kuma ya haɗa shi da bare.

Da safe na ja mota ƙofar shagon. Surukina yana tsaye da sandarsa, 'yan dako suka fara lodi, ni kuma ina ƙirgawa a zuci. Da na goma ya hau na ce, “Ya isa.”

Babban 'yan dakon ya juyo da buhu a ka. “Saura ashirin hwa.”

Na ce na sani. Na je gaban tsohon na durƙusa a cikin ƙurar dusa, na yi wa ƙasa magana. “Baba, injin sabon gyara ne. Goma zai ɗauka yau, gobe goma, jibi goma. Duka za su iso da yardar Allah.” Akwai mutane da yawa a bakin shagon, kuma kowa ya san ko shi wane ne a wurina. Tsohon ya dubi buhunan da suka rage, ya ce wa mai shago ya ajiye masa su, ya buɗe ƙofar gaba ya shiga ya zauna. Ni ko kallona bai yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka kama hanya. Da muka bar tsakuwa muka shiga rairayi na tsaya na rage iskar tayoyi, don motar ta yi ta shawagi a sama ba tare da injin ya wahala ba. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a kan allura. Sau biyu ta matso tsakiya, sau biyu na tsaya na juya hancin motar wajen iska, na buɗe murfin inji muka jira. Shi yana jan carbi. Wani wuri muka wuce mushen saniya a gefen hanya, fata ta manne da ƙashi. Ya juya kai yana kallonta har ta ɓace mana. A nan ƙafata ta yi mini ƙaiƙayi sosai. Kunya ta ishe ni, ina jin haushin bakanike, ina jin haushin kaina, ina cewa a raina wane irin mutum ne ke lallashin ƙarfe alhali dabbobi na mutuwa. Amma ban taka totur ba.

Kafin a kai rugarsu akwai wani tudun rairayi da duk direban yankin ya sani. Yadda ake hawansa ɗaya ne. Ka ja da baya, ka taho a guje, ka danne totur har ƙasa, injin yana ihu har ka dire a sama. Wato daidai abin da aka hana ni. Na gwada a hankali da ƙaramar giya. Muka kai rabi, tayoyi suka fara tona, allura ta haura tsakiya tana ci gaba. Na san in na danne za mu hau, na sha yi. Na kuma san abin da sabbin zobba za su yi wa ramukan da ba su da sauran ƙarfe. Na ɗaga ƙafa, na sa giyar baya, muka sulalo ƙasa.

Na fito na sauke buhunan nan goma ɗaya bayan ɗaya a gindin tudun. Tsohon ya fito ya koma inuwar wata aduwa ya zauna. Da motar ta zama wayam, ta hau tudun ba tare da ta ɗaga murya ba. Na ajiye ta a sama, na gangaro da ƙafa, na cire riga, na ɗora buhun farko a ka.

Rana tana tsaka. Na haura shekara hamsin, ga tumbin da zaman mota ya ba ni, rabona da dako tun ina saurayi. Rairayin yana ƙona ƙafa, in ka taka sau uku sai ya mayar da kai taku ɗaya. Na kai na farko, na kai na biyu. A na uku na fara ganin duhu-duhu. A na huɗu gwiwata ta sare a tsakiyar tudu, na faɗi, bakin buhun ya ɓalle, dusa ta cika mini ido da baki. Na zauna na tattara wadda ta zube da hannu, na ɗaure bakin da igiyar wandona, na ja shi har sama. A raina na ce ko zan kai magariba a nan, buhunan nan a kaina za su hau.

Da na gangaro ɗaukar na biyar, sai na tarar da surukina tsaye a kan buhun. Ya ajiye sanda, ya naɗe babbar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya kama kunnuwan buhun biyu. Mutum ne da ya ba saba'in baya.

Na ce, “Baba, don Allah ka bari.”

Ya ce, “Kama.”

Na kama. Na koma ta ƙasa don nauyin ya fi zuwa wajena, shi yana ta sama yana ja da baya-baya. Haka muka hau da buhu shida, muna tsayawa muna haki. Hannuwansa duk jijiya ne, amma ko sau ɗaya bai saki ba.

Muka mayar da buhunan mota muka ƙarasa. A ruga shanun da ke iya tashi suka taso da jin ƙanshin dusa. Mata suka jiƙa ta a cikin rabin ganga, waɗanda suka kwanta aka kai musu har gabansu. Saniyar matata tana da rai, sai da maza uku suka ɗaga ta da itace a ƙarƙashin ciki kafin ta tsaya. Aka ba ni fura na sha. Tsohon ya shige cikin dabbobinsa, na yi sallama daga nesa ya ɗaga hannu, na juyo. Ban san ko ya huce ba. Da na iso gida matata ta tare ni tana tambayar abin da ya ce. Na ce mata ya ce kama.

Washegari na sake loda goma, ni kaɗai. Wuyana ba ya juyawa, kafaɗuna sun saɓule, na naɗo tsohon zane don in yi gammo. Tun daga Dakoro tudun nan nake tunani. Na yi tafiyata yadda na yi jiya, na rage iska, na tsaya inda allura ta ce in tsaya.

Da na karyo kwanar ƙarshe sai na hango jakuna a gindin tudun, guda bakwai, da akumari a bayansu. Yayyen matata biyu suna tsaye riƙe da igiyoyi. Tsohon ya taso daga inuwar aduwa, ya tako har wajen tagar motar, ya dafa ƙofar da hannu.

“Kashe ta ta huta, ɗana. Daga nan aikin jakkai ne. Gobe ma nan za ka iske mu.”

Na kai hannu kan makulli. Sai da na sunkuyar da kai na ɗan lokaci kafin na murɗa. Injin da na kashe a gindin tudun nan, shi na tayar yau da safe.