Taku Sittin da Uku Zuwa Bayi

Shekara talatin Babana ya yi yana gadi, daga ma'ajiyar siminti zuwa kamfanin lemo zuwa makaranta. Bai iya karanta zanen gini ba, amma kai shi bakin kowane gida, kafin ku gama gaisawa da masu shi ya nuna maka inda ɓarawo zai dira. Da kuɗin gadin nan ya karantar da ni har na zama mai zanen gine-gine, ni kuma sai na ɗauka na fi shi sanin tsaro. Ka ji wauta!

Aikina na farko ƙaramin asibiti ne na wani likita mai maƙon tsiya, kuma in ya kufce mini ba ni da wani a hannu. Na zuba katanga, fitilu, kyamara huɗu, ƙofar shiga ɗaya tak. Na shimfiɗa wa Baba takardar ina jiran yabo.

"Uwata, ni ba na gani a takarda," in ji shi. "Kai ni filin."

Ya saɓi kujerarsa ta roba muka tafi. Ya dasa ta daidai inda na sa ɗakin mai gadi, ya zauna yana kallon rana.

"Da azahar za ta shigo ta tagar nan ta gasa shi. Zai ja kujera inuwar katanga, daga can kuwa ba ya ganin ƙofa. Juya tagar." Na rubuta. "To, in fitsari ya matse shi fa?"

Na fashe da dariya. "Haba Baba, ga bayi can bayan gini."

Shi bai yi dariya ba. Ya miƙe yana ƙirga taku har wurin, sittin da uku. Yana dawowa ya gaya mini abin da aka ɓoye mana muna yara. A kamfanin lemo, da rana tsaka, ya zaga bayi a can ƙarshen harabar, wani ya tura babur ɗin manaja ya fice. Aka ce da haɗin bakinsa, aka kore shi a gaban ma'aikata. Mu kuwa Inna ta ce mana ciwon baya ne ya sa ya ajiye aikin. Wallahi sai da na ji kunyar dariyata.

Washegari likita ya ɗora yatsa kan sabon zanen. "Bayi guda don mai gadi kaɗai? Cire."

"Likita, cire kyamara ɗaya in kana so, wannan kam yana nan. Kyamara ba ta tare kowa, sai mutum ya tafi take nuna maka ƙeyarsa."

Ya ce masu zane sun cika gari. Na naɗe takardata na fice, ko waiwaye ban yi ba. Kwana biyu ya kira ni. "'Yar taurin kai, sa bayin naki."

Da aka gama ginin na kai Baba. Bai kalli kyamara ba, ɗakin mai gadi ya nufa. Ya ƙirga daga kujera zuwa bayi, taku uku. Ya leƙa 'yar tagar da na sa a ciki, ga ƙofar asibiti tana kallonsa. Ya share ido da hannun riga.

"Uwata," ya ce, "da irin wannan aka ba ni, da ba wanda ya kira ubanki ɓarawo."