Tambayar da Goggo Rabi take jira a kan benci

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Goggo Rabi, ƙanwar mahaifina, ungozomar asibiti da ta yi aiki a Wudil har ƙarfinta ya ƙare. Allah ya jiƙanta. Jama'a suna tuna ta da yawan haihuwar da ta karɓa. Ni kuwa in na tuna ta, gabana ne yake fara faɗuwa.

A shekarun da kuɗin fetur ya shigo, gina ɗakin shan magani ya fi samun likita sauƙi. Ƙauye bayan ƙauye sai ka ga sabon gini, kwano yana ta ƙyalli, babu mai rubuta magani a ciki. Sai aka fito da kwas na 'yan watanni don a koya wa nas-nas da ungozomomi su riƙa rubutawa da kansu. Da aka yaye rukunin farko, aka sa Goggo cikin masu zagayawa su ga ko kwas ɗin ya yi amfani. Abokan tafiyarta sakamakon jarrabawa suke dubawa. Ita kuwa sai ta tuɓe fararen kaya, ta yafa gyale, ta zauna a benci cikin marasa lafiya tana kasa kunne. Masifaffiya ce, ba zan ɓoye ba, amma in ta hau bencin nan ko tarinta ba ka ji.

Lokacin ina amarya a Utai, ga ƙaramin ciki na fari, ban faɗa wa kowa ba. Ai ba a faɗa. Maigidana ya sani, shi ma ko za a yanka shi ba zai furta a gaban mutane ba. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ya tafi karɓo mini magani kamar yadda kowane magidanci yake yi: mace tana ɗaki, miji ya kai bayanin ciwonta. Nas ɗin da ya tarar saurayi ne, shi ya zo na ɗaya a kwas. Ya tambayi zafin jiki, ya tambayi amai, ya rubuta ƙwayoyi masu ƙarfi.

Ashe ranar ce zagaye ya kawo Goggo Utai. Tana ɓangaren mata, bango ya raba su, tana jin komai, tana jiran tambaya guda: ko matar tana da ciki? Ba a yi tambayar ba. Kafin ta shiga ta ga abin da aka rubuta, ta ji ko matar wa ce, maigidana ya hau kekensa ya yi gida.

Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta faɗo ɗakina.

"Ke Hauwa, kin sha?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe rabonki da al'ada?"

Na sunkuya, na yi shiru. Ta karɓe sauran ƙwayoyin ta ƙulle a bakin gyale. Ban taɓa ganin Goggo a tsorace ba sai ranar. Ta ce, "Wannan ba na mai juna biyu ba ne."

Ta yi kwanaki a wurina. Duk sanda na miƙe sai ta kai ido bayan zanena, ni ma in waiga. Marata in ta ɗan murɗa, sai in ƙwala mata kira. Jini bai zo ba, amma tsoron bai sake mu ba har ranar haihuwa, don ba mu san abin da maganin ya taɓa a ciki ba. Ita ta karɓi haihuwar. Ta daɗe tana jujjuya jaririyar, ta duba baki, ta duba yatsu, kafin ta ce alhamdu lillahi.

Nas ɗin ya zo har zaure, idonsa ja. Ya ce, "Sista, wallahi duk abin da aka koya mana, mara lafiya yana gabanmu ne." Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya ba kowa mamaki. Manyanta ta je ta samu, ta ce kwas ɗin da saura: an koya wa yaran magani, ba a koya musu mutanen da za su rubuta wa ba. Ta ƙi yarda a ce ya yi, sai an koya musu jan miji gefe su tambaye shi, su kuma gane shirunsa. Aka ce ta cika taurin kai. Ko an gyara a ko'ina, ban sani ba.

Da za ta dawo yau ta ga Wudil, ina jin za ta sake tsorata. Kemis a kowane lungu, magidanci ya tsaya a bakin kanta ya ce iyali ba lafiya, a ƙulla masa a leda. Wani ma ta waya zai yi bayani. Kwasa-kwasai sun ƙaru, takardun shaida sun ƙaru, amma ban san wanda yake zama a benci yanzu yana sauraro ba. Wannan yana ba ni tsoro, don kunyar cikin fari ba ta bar ƙauyukanmu ba.

Goggo ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar gadon gona ba. Jaririyar nan aka sa wa sunanta, kuma da yake 'yar fari ce, har yau ban taɓa kiran sunan a gabanta ba. Nas ce, tana rubuta magani. In ta zo gaishe ni, wayarta ba ta hutawa. Sai in ji namiji yana cewa iyalinsa ce take zazzaɓi, me zai saya? Nan take nake daina abin da nake yi, har sai na ji ta ce, "Malam, tsaya tukuna. Tana da juna biyu?"

Wani lokaci sai wayar ta yi shiru. Na san shirun nan, ita ma ta san shi. Sai ta ce, "Kawo ta in gan ta."