Ranar da Inna Ta Tsallaka Sadiya

Ranar Laraba ce, cikin damina, dawa ta wuce tsayin mutum. An yi ruwa da asuba, ya ɗauke kafin rana ta fito. Na dama koko, maigidana ya sha, ya saɓa fartanya ya tafi gona. Ni kuma na goyi Ummi na nufi gidan Inna, mahaifiyata. Ƙauyenmu yana ta wajen Kangire. Sunansa ba zan faɗa ba.

Inna daddawa take yi. Ita kaɗai ce a gidan tun rasuwar Baba. Ba 'yar garin ba ce, aure ne ya kawo ta daga nesa, kuma har ta tsufa ba a daina ce mata baƙuwa ba. Hayaƙin dafa kalwa ya mayar da idanunta jajaye. Tana magana ita kaɗai in tana aiki. Yayyena biyu maza sun rasu suna ƙanana. Duk wannan mutane sun ajiye shi a ransu, ina ji a bakin rijiya, ana yin shiru in na ƙaraso. Amma miyar kowa a garin da daddawarta ake yi.

Ina shiga ta kwance Ummi daga bayana ta goya. Kullum haka take yi. Ummi 'yar farina ce, wata bakwai, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. Inna ce mai yi mata rawa, tana ce mata, “Takwara, yau ma kin zo cin bashin dariya?” Nawa dai ba da nono.

Muka wanke kalwa. Inna ta zuba ta a kwando, ta rufe da ganye da tsohon buhu, ta kai bayan ɗaki ta ajiye don ta nuna.

Da hantsi muka ji ihu daga gidan Larai. Darni ɗaya ya raba gidajen. Larai ƙawata ce, tare muka yi Islamiyya. 'Yarta Sadiya, mai shekara shida, kwana biyu tana zazzaɓi. Na leƙa ta kafar darni. Yarinyar tana kan tabarma, jikinta yana fizga, idanunta sun juye. Mata sun fara taruwa.

Sai Iliya ya shigo, ƙanen mijin Larai, mai sayar da fetur a bakin hanya. Ya durƙusa kan yarinyar. Ina jin sa sarai.

“Sadiya, wa kike gani? Faɗa mini. Mace ce? Tsohuwa ce?”

Yarinyar tana nishi kawai.

“Mai Daddawa ce? Ita ce ko?”

Kanta ya motsa. Ni dai na ga kan yana motsi tun kafin ya tambaya. Amma wata mata ta ce, “Ta ɗaga kai!” Wata ta ce, “Wallahi ta ɗaga.” Kafin a jima har waɗanda suke zaure suna rantsuwa sun ji yarinyar ta kira sunan da bakinta.

Na juyo. Inna ta ji. Ta ci gaba da ɗauraye turmi.

A wajenmu, in aka ce mayya ta kama kurwar yaro, sai a kira ta ta tsallaka shi. Wai in ta tsallaka ta sake shi ke nan. Na sha jin labari, ban taɓa gani ba.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka zo ƙofar gida. Ba su da yawa tukuna. Iliya ne a gaba. Liman ya biyo su da sauri, yana cewa a ji tsoron Allah, a nemi babur a kai yarinya asibiti Birnin Kudu. Iliya ya ce, “Malam, in ta mutu a hanya kai za ka biya mu ita?” Liman ya dubi fuskokin mutane. Ba wanda ya dube shi. Ya ƙara faɗa a hankali, sannan ya ja gefe.

Aka kira maigidana daga gona. Ya shigo da laka a ƙafarsa, ya tsuguna gaban Inna.

“Inna, ki yi haƙuri ki je. Ƙafa ce kawai za ki ɗaga. Su ga ba komai, kowa ya watse.”

Inna ta ce, “Ɗan nan, in na ƙi su ce na riƙe ta. In na je fa?”

Ya ce, “Ki je dai, Inna. Ina nan.”

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni ma na so ta je, don na ga kamar shi ne zai kashe maganar. Ta miƙo mini Ummi. Ta gyara ɗaurin zaninta. Muka bi ta.

Tsakar gidan Larai ta cika. Aka buɗa mata hanya, kowa yana janye ɗansa. Ta ce, “Allah Kai ne shaidata.” Ta tsallaka. Gwiwarta mai ciwo ce, sai da ta dafa bango. Iliya ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce saura ɗaya. Ta cika.

Sai fizgar ta lafa. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Ɗaya daga cikin yayyena ya yi irin wannan ciwo kafin ya rasu, Inna ta sha ba ni labari. Yakan zo ya lafa, ya sake dawowa. Matan da ke wurin duk sun san haka, kowacce ta yi jinyar ɗa. Amma ba wadda ta faɗa. Abin da na ji shi ne salati ƙasa-ƙasa, sai wata murya ta ce, “Ashe gaskiya ne.” Larai ta ɗago ta dubi Inna. Ban taɓa ganin wannan kallo a idonta ba.

Muka koma gida. Ba wanda ya tare mu. Maigidana ya ce bari ya je ya tsaya cikinsu, ya ji me ake cewa. Inna ta zauna a kan turmi. Ta ce in tafi gidana. Na ƙi. Na shiga ɗaki na fito, na sake shiga. Na ɗauki tsintsiya na ajiye. Ta bayan darni ina jin ana lissafo yaran da suka rasu bara da bara waccan. Kowane suna aka kira, sai wani ya tuna ya taɓa ganin Inna ta ba yaron wani abu.

Aka kira azahar. Inna ta yi alwala ta yi salla. Ni ma na tayar, amma ban san raka'a nawa na yi ba.

Ba a daɗe da sallamewa a masallaci ba kukan ya tashi. Kukan mutuwa daban yake. Muryar Larai ce ta fara, sauran suka ɗauka.

Inna ta miƙe. Ta karɓi Ummi, ta shinshina kanta, ta ɗora mini ita a baya. Da hannunta ta ɗaure majanyin, ta ja shi har sai da na ji zafi a ƙirji.

“Bi ta kafar awaki. Ki shiga dawa. Ki je Basirka wurin Gwaggonki.”

Na ce ta taso mu tafi. Ta nuna gwiwarta.

“In ta yi kuka ki ba ta nono. Tafi!”

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗaki. Na biyu ya fasa randa. Sai ƙarar ƙafafu, da yawa, kamar an saki shanu.

“Ku fito da ita!”

“A ɓalle ƙofar!”

Na rarrafa ta kafar da awaki suke fita, kara yana yankar hannuna. Takalmina ɗaya ya tsaya a can. Na faɗa gonar dawa ta bayan gida, na yi 'yar tafiya. Na tsuguna. Na waiwaya.

Ta tsakanin kara ina hango ƙofar gida. Na san su duka. Na ga mai shayin da yake aiko ɗansa sayen daddawa. Na ga telan da ya ɗinka kayan sunan Ummi. Na ga matan da suka ci tuwon sunan. Wasu riƙe da sanda, wasu hannunsu ba komai, suna dube-dube, sai su sunkuya su ɗauki dutse don kowa ya ɗauka. Iliya yana da jarka. Can baya na ga maigidana. Fartanyarsa tana ƙasa. Bakinsa yana motsi. Ban san ko addu'a yake yi ba, ko abin da suke faɗa yake faɗa.

Na ji muryar Inna sau ɗaya. Kalmar shahada ce. Bayan nan sai ƙarar sanduna. Sai warin fetur. Hayaƙi ya tashi baƙi.

Sai wani ya ce, “Ina 'yar? A nono ake shan maita!”

“Har jaririyar!”

“Ku duba gona!”

Ummi ta fara motsi, ta buɗe baki. Na juyo da ita gaba, na cusa mata nono. Na kwanta tsakanin kunyoyin gona, laka har kunnena. Kara yana karyewa ta hagu. Wani ya wuce kusa, na ga ƙafarsa, silifas shuɗi mai ɗaurin waya. Na san mai shi. Ya tsaya. Ummi tana tsotsa, ina jin haɗiyarta kamar ganga. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗaga murya ya ce, “Ba kowa nan!” Ko ya gan ni, ko bai gan ni ba, har yau ban sani ba.

Da ƙarar ta koma wajen gari na tashi. Na jefar da ɗaya takalmin. Na bi kunya-kunya, daga dawa zuwa gero, daga gero zuwa gyaɗa, inda ba abin ɓuya, nan na yi gudu. Na tarar da rafi ya kawo saboda ruwan asuba. Na ɗora Ummi a ka na shiga. Ruwan ya kai mini ƙirji. Na fita ina tari.

Ana kiran la'asar a wani ƙauye na fito titi. Mai babur na farko ya wuce. Na biyu dattijo ne, ya tsaya, ya dubi ƙafata, ya dubi goyona.

“Ina za ki, 'yata?”

Na ce Gwaram. Ya ce in hau. Bai ƙara tambaya ba. Ya kai ni inda ake lodi, ya yi magana da direba, aka matsa mini wuri a baya.

Labarin ya riga ni shiga motar. Wani saurayi ya gama waya ya ce an kama mayya a wajen Kangire, ta amsa da bakinta, ta cinye yara sun fi goma. Wani ya ce ai an ce rikiɗa ta yi ta zama kura. Wani ya ce maganinsu ke nan. Kowa yana gyaɗa kai. Matar da ke kusa da ni, mai kirki ce, ta ba ni ruwan leda. Ta taɓa kumatun Ummi ta ce, “Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu daga irinsu. Ko ba haka ba, 'yar nan?”

Duk suka juyo. Na ce, “Amin.”

Da magariba muka shiga Gwaram. Na sami wata motar zuwa Basirka. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida na yi sallama. Ta haska ni, ta ga laka, ta ga ƙafa. Ta ce, “Ina uwarki?” 

Bayan sati maigidana ya zo. Ya rame. Ya zauna a zaure bai ɗago kai ba. Ya ce 'yan sanda sun zo da yamma, sun tafi da Iliya da wasu. Ya ce yanzu duk wanda ka tambaya a garin, yana gona lokacin da abin ya faru. Ba macen da ta yarda ta yi wa Inna wanka sai matar Liman. Shi da Liman da wani tsoho suka sallace ta. An binne ta nesa kaɗan da Sadiya.

Na tambaye shi me yake faɗa a can baya. Ya ce, “Da na yi magana da ni za su haɗa.” Na ce ba wannan na tambaya ba. Sai ya ɗauko wata maganar.

Ya ce ɗakin ya ƙone, amma kwandon da ke bayan ɗaki wuta ba ta kai gare shi ba. Kalwar ta nuna, warinta ya cika unguwa, ba wanda ya taɓa. Ya ce in ƙura ta lafa zan iya komawa, amma mahaifiyarsa ta ce a fara yaye yarinya. Gwaggo ce ta ba shi amsa daga cikin gida. Ya tafi kafin azahar.

Ban yaye ta ba sai da lokacinta ya yi. Yanzu tana gudu a tsakar gidan Gwaggo. A nan ba wanda ya san dalilin zuwana, cewa muka yi yaji na yi. In na ji ɗan maƙwabta yana zazzaɓi, ba na zuwa dubiya, kuma ba na iya zama. Sai in yi ta shiga ɗaki ina fita, har in ji an ce ya sami sauƙi. Ba na hura wuta mai hayaƙi. Nakan duba idona a madubi.

Na bar gida, da miji, da Larai, da takalmi ƙafa ɗaya a kafar awaki. Na bar mai karɓar goyo in na shiga. Ba wanda zan ji wa kunya yanzu. Jiya Ummi ta nufi bakin rijiya, na kira ta ba ta juyo ba. Sai na ji bakina ya ce, “Hauwa'u!” Ta tsaya tana dube-dube. Ba ta san da ita nake ba.