Yadda Muka Dasa Ciyawa a Kaduna

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Rigachikun, manoma cike da motar wani attajirin goro, kowa da fartanyarsa, har da makaɗin gayya. Ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, balbelu na tashi daga fadamu kamar an watsa auduga. Motar kuwa tari take yi irin na tsohon da ya sha taba tun zamanin Annabi Nuhu.

Abin da ya kai mu, hukuma ta ba da fili don wasan ƙwallo, ta baje shi da injinta, attajirai kuma su kewaye shi da zana, su kafa rumfar 'yan kallo. In Di'o ya zo ran Asabar bai tarar an gama ba, za a yanka wurin a gina wa akawuna gidaje. Shi ne attajirin ya roƙi gayya.

A Kawo muka karya da ƙosai, ga tsada, ga ƙanƙanta, sai ka runtse ido ɗaya kafin ka gan shi.

Muna isa attajirin ya wuce kasuwa sayen zana. Muka dubi filin, tausayi ya kama mu: ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, amma ciyawar ƙiri-ƙiri ta cinye ta. Makaɗi ya saki ganga. Kafin hantsi mun nome ta tas, wani dattijo har ya fara tada kunyar shuka.

Sai ga akawun hukuma a kan keke. Ya sauka, ya cire hula.

"Baba, wa ya sa ku?"

Na ce, "Kyauta ce, Malam, ba sai ka gode ba."

"Ciyawar nan daga bakin kogi aka kwaso ta. Tun farkon damina ake dasawa."

Attajirin ya dawo, ya ga aikinmu, ya zauna daɓas a kan zanarsa. Muka bi tsibin ciyawar muna tsintar mai sauran jijiya, muka shiga dasawa layi-layi kamar dashen dawa. Akawu ya kawo motar ruwan hukuma, attajiri ya aiko da tuwo. Da la'asar yayyafi ya sauko. Na kishingiɗa a rumfar da muka kafa, ina gani a zuci filin ya yi shar, jikokinmu na gudu cikin fararen kaya, ni kuma ina tsaron gida, tumbina ya toshe ragar duka.

Nan muka zauna har Asabar. Di'o ya zaga, ya danna ƙasa da takalmi, ya ce bai taɓa ganin ciyawa ta bi sahu haka ba. Fili ya tsira.

A hanyar dawowa na gane cewa in hukuma da attajiri za su haɗa hannu, su fara gaya wa mai fartanya abin da ake so. Na iso gida ina ba uwargida labarin mun dasa ciyawa a birni. Ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne, sannan ta ce, "Malam, ga taka can a gona ta kai gwiwa, ba wanda ya dasa."