Matar Da Na Bari A Kan Layi

Ni haifaffiyar Gusau ce, daga gidan ma'aikatan gwamnati. A lokacin da wannan abu ya faru ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye a wajen Tsafe, kuma ana yabona da haƙuri da sakin fuska. Ni ma na ɗauka haka nake, har ranar da 'yan bindiga suka tare hanya suka kashe ƙanena, yana dawowa daga ziyarar da ya kawo mini. Bayan sadakar arba'in na koma bakin aiki, amma ba da zuciyar da na tafi da ita ba. Duk wanda ya fito daga daji na daina ganinsa mutum. Ina yi musu allura, ina ba su magani, amma ba na kallon fuskarsu.

Wata ranar kasuwa da damina, zazzaɓi ya cika mana asibiti, wata mata ta shigo goye da yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Daga shigarta da yadda Hausarta ke karyewa na gane daga ruga take. Nan take na yanke a raina cewa matar ɗaya daga cikin 'yan bindigar ce, ƙila ma mijinta na cikin waɗanda suka harbi ƙanena. Na ga kan yarinyar ya langaɓe, na ga idonta na juyawa, kuma na san abin da hakan ke nufi, domin aikina ne in sani. Duk da haka na ce ta bi layi. Na duba mai tari, na wanke wa wani miki, har na tsaya ina gaisawa da wata hajiya da ta zo awon jini. Sau biyu matar tana leƙo ƙofa. A na biyun ta durƙusa ta ce, "Malama, ɗiyata na tafiya." Na ce mata kowa da ke wurin da ciwonsa ya zo.

Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Ina cikin neman jijiya a hannun yarinyar rai ya yi halinsa. Na tsaya riƙe da allura ina jiran ta yi ihu, ta zage ni, ko ta shaƙe ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta shafa idon 'yarta ta rufe, ta sake goya ta, ta ɗaure zane da kyau kamar mai barci. Da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Allah ya saka miki, kin yi ƙoƙari." Ita abin da ta gani ke nan: na riƙe hannun 'yarta ina nema mata rai. Ba ta san ni na cinye sa'o'in da za su iya ceto ta ba. Daga baya tsohon da ke mana gadi ya gaya mini cewa mutanen da suka kashe ƙanena irinsu ne suka kashe mijinta suka kore shanunsu.

Daga ranar abinci ya daina shiga cikina. In na ta da salla sai in ji kunyar ɗaga hannu. Na ɗauki hutu na tafi Bunguɗu wurin gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita ke wankan gawar mata a unguwarsu tun ina ƙarama. Tana tsince wake a tsakar gida na zauna na gaya mata komai, ban rage ba. Na ƙare da cewa abin da ya fi ci mini rai shi ne ashe matar ba ta da laifi. Gwaggo ta ajiye faifan ta dube ni, ta tambaye ni, in da mijin nata ne ya yi harbin fa, yarinyar ta cancanci mutuwa a kan benci ke nan? Ta ce ita ta wanke matar mai sarauta, ta wanke mahaukaciyar bakin tasha, ta wanke baƙuwar da ba a san danginta ba, kuma duk da ladabi ɗaya take juya su, domin kowacce ta ɗauki ruhin da Allah ya busa mata. Ta ce wannan hasken ba mu muka kunna shi ba, don haka ba mu da ikon cewa wane ba shi da shi.

Na fashe da kuka na ce to ni nawa hasken ya mutu. Ta ce, "Da ya mutu da kina can kina cin tuwonki. Abin ga da ya hana ki barci, shi ne. Toka kika zuba mishi, ki tone."

Na koma aiki na nemi matar. Na tambayi masu tallan nono, na aika har rugar da aka kwatanta mini, aka ce sun tashi, babu wanda ya san inda suka nufa. Shekaru sun wuce ban same ta ba. Ban san sunanta ba, ban san sunan 'yarta ba, domin ko a takarda ban tsaya na rubuta da kyau ba. Ina roƙon gafarar Allah kullum, amma haƙƙinta yana nan a wuyana, kuma tana can wani wuri tana yi mini kallon mutuniyar kirki.

Na rubuto ne saboda mu da yawa a ƙasar nan an kashe mana wani, kuma baƙin ciki yana da dabarar sa mutum ya ga duhu a fuskar da ba ta yi masa komai ba. Duk wanda ya tsaya a gabanku, ko wane harshe yake yi, ko daga ina ya fito, ku dube shi da kyau kafin ku yanke masa hukunci, akwai amanar Allah a ƙirjinsa kamar yadda take a naku. Ni sai da aka fitar da gawa daga ɗakina na gane haka. Kada ku jira irin ranata.