Maganin Ƙanina da Wuyan Maƙwabciyata

A unguwarmu a Daura magani ba na mutum ɗaya ba ne. In kanki na ciwo, ki leƙa ta katanga ki tambayi wa ke da ragowar na asibiti, a miƙo miki ƙunshe a takarda. Haka muka taso, haka na yi ta yi, har ranar da na kusa halaka 'yar mutane.

Ƙanina tela ne a kasuwa, a gidana yake zaune tun rasuwar mahaifiyarmu. Shekara uku kafin abin nan ya samu taɓin hankali. Ya daina barci, yana jin ana kiran sunansa a rediyo ko da a kashe take. Muka kai shi Katsina a ɓoye, muka ce wa mutane ciwon shawara ne. Likita ya ɗora shi a kan wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ke kwantar da muryoyin nan, ya haɗa da ta biyu, wai don ta farkon takan sandarar da jiki. Ya ja min kunne: kada a tsallake rana, kada a daina don an ga sauƙi, kada a ba kowa. Yaro ya dawo hayyacinsa, ya koma kan kekensa. Abu ɗaya ya roƙe ni.

"Yaya, kada kowa ya ji. Wa zai ba mahaukaci shaddarsa ya yanka?"

Na rantse masa.

To akwai maƙwabciyata, yarinya mai kirki, goyonta na fari ke nan. Ta shigo aron rariya, idanu sun yi zuru-zuru, ta ce kwana biyar ba ta rintsa ba. Ni kuma na ga yadda ƙwayar nan ke sa ƙanina barci. Tausayi ya kama ni, na ɓallo mata huɗu, ban haɗa da ta biyun ba, na ce maganin barci ne kawai.

"Allah ya bar mana ke, Gwaggo," in ji ta.

Kwana biyu bayan nan, ana gama sallar azahar, na ji salati daga gidansu. Ko takalmi ban sa ba. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, wuyanta ya murɗe gefe guda, idanu sun ƙafe sama, harshe ya zaro, miyau na zuba. Tana son magana, ba hali. Mata sun cika gidan, wata tana cewa:

"Mutanen ɓoye ne! Jiya na gan ta tana zubar da ruwan zafi a bakin kwata ba bismilla."

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, masu bori sun yi ƙasa da murya, kowa sai ruƙiyya. Mijinta ya ɗauko wani malami, dattijo mai natsuwa, ya zauna ya fara karatu. Ni kuwa na san wannan wuyan. Haka na ƙanina ya yi a makon farko a Katsina, allura ɗaya ta sake shi. Na kuma tuna likita ya ce in abin ya kai maƙogwaro yakan toshe numfashi.

Na tsaya jikin turmi ina ta murza bakin zanena. In na yi magana, za a ce maganin me ne, na wa ne. Mata goma sha ne a wurin, kafin la'asar labari ya isa kasuwa. In na yi shiru kuma? Na ce wa raina bari malam ya gama, ƙila abin ya sake ta da kansa. Wallahi na faɗi haka, ba zan ɓoye ba.

Sai na ji numfashinta ya canza. Kunnena bai taɓa yaudarata ba, ko tukunya ce ta kusa ƙonewa daga ɗaki nake ji. Wani siririn fito ya shiga cikin shaƙar da take yi.

"Allah gafarta Malam, a dakata," na ce. "Ni na ba ta magani."

Karatu ya tsaya. Surukarta ta juyo. "Wane magani?"

"Na ƙwaƙwalwa. Na ƙanina ne."

"Telan? Innalillahi! Ashe shawarar ke nan?"

Malamin ne ya katse su. Ya miƙe, ya ce wa mijin, "Addu'a ba ta hana asibiti. Nemo mota. Ke kuma Hajiya, ɗauko kwalin maganin ki bi su."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta duba kwalin, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Baba, wannan kika mayar alewa? Guda nawa?"

"Huɗu, 'yar nan."

"Kuma tana shayarwa! Ku dai mutanen nan."

Aka yi mata allura. Ina tsaye ina kallo, kafin a kira la'asar wuyan ya saki, harshe ya koma. Kalmarta ta farko tambayar ɗanta ta yi. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ƙanina bai jira na gaya masa ba, an riga ni. Kafin magariba mutum biyu sun je sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, ɗayan ma don kunya bai ko zauna ba. Ya shigo gida bai yi min sallama ba, ya bar tuwonsa a rufe. Na bi shi ƙofar ɗaki ina ba shi haƙuri, ya rufe ƙofar. Babban tsorona kada fushi ya sa ya watsar da maganin, ya ce ai abin da ake ɓoyewa ya riga ya fito, mu koma gidan jiya.

Da safe ina dama koko ya fito da hularsa a hannu, ya tsaya a kaina yana kallon katanga.

"Ta warke?"

"Ta warke."

Sai ya ce, "Miƙo min maganina na yau. Zan makara, akwai sauran ɗinkin mutane a shago."